Ziyarar tsofaffin majami'un Nuba a arewacin Sudan

Mu Hausawan Sudan mun fi sanin Gadarif da Mai Wurno da Sinnar fiye da arewa, shi ya sa da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin cewa masarautun Kirista guda 3, wato Nobatiya da Makuriya da Alwa, sun yi mulki a gaɓar Nilu tun daga ƙarni na 6 ba. Kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 na bi sawunsu tare da kawuna, kuma na fara da gidan adana kayan tarihi na Hartum, inda aka ajiye wani kaso na zanen bangon babbar majami'ar garin Faras da masanan ƙasar Polan suka ceto tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye garin. Sanin waɗannan zane-zanen ya taimake ni ƙwarai, domin wanda bai san kamannin fuskokin waliyyai da limaman Nuba ba, zai isa kangon ya ga tubali da yashi kawai.

Tsohuwar Dungula, hedikwatar Makuriya, tana gabas da kogin. A nan ne rundunar Abdullahi bin Abi Sarh, gwamnan Musulmi na Masar, ta yi ƙawanya a 652, aka ƙare da yarjejeniyar zaman lafiya da ake kira Baƙt, wadda ta ɗore ƙarnoni. Ginshiƙan dutse na wata majami'a suna nan tsaye cikin rairayi, sannan ga dogon ginin sarakuna da aka mayar masallaci a 1317.

Amma inda na fi daɗewa shi ne Banganarti, tafiya kaɗan daga Tsohuwar Dungula. Majami'a ce da aka keɓe wa Mala'ika Rafa'ilu, wanda mutanen wancan zamani suke danganta shi da waraka, an gina ta a ƙarni na 11 a kan wata da ta girme ta. Bangonta cike yake da rubuce-rubuce kusan 1,000 cikin Girkanci da tsohon harshen Nuba, waɗanda maziyarta suka karta da hannunsu, kowa yana ambaton sunansa, wani ya ƙara muƙaminsa ko cocinsa, yana roƙon a kiyaye shi. Ni Musulmi ne, kuma kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, saboda haka ban sha wahalar fahimtar abin da ke sa mutum ya bar gida ya ratsa hamada domin ya tsaya a wuri mai tsarki ba. Kawu ya ce da ni, "Ɗana, janye hannunka daga bangon nan, amanar mutane ce," kuma gaskiyarsa, domin yaɓen yana marmashewa da taɓawa kaɗan.

Gidan zuhudu na Gazali, wato inda Kiristoci masu gudun duniya suke keɓewa domin ibada a da, kusa da garin Marawi, ya cancanci rabin yini. Soba kuwa, hedikwatar Alwa a gefen Hartum, abin da ya rage a fili kaɗan ne.

Na koyi cewa lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne na wannan tafiya, kuma dole a nemi izinin hukumar kayan tarihi, a kuma girmama mai gadin wurin, domin makullin yana hannunsa. Tun bayan ɓarkewar yaƙi an wawashe gidan tarihin Hartum, don haka duk mai niyya ya fara bincikar halin tsaro a hanya.