Abin da na kwaso daga sashen tazarar haihuwa

Na gama zamana na koyon aiki a sashen tazarar haihuwa, kuma akwai abin da ya tsaya min a rai sai na faɗe shi. Babbar sistar da aka haɗa ni da ita ta iya aiki kam, ba zan ci haƙƙinta ba, amma dokarta ɗaya ce, ki duba kati, ki yi allura, ki kira ta gaba. Bayani a wurinta ɓata lokaci ne.

Wata baiwar Allah ta zo karɓar allurarta ta wata 3, tana ta nannaɗe katinta a hannu, murya ƙasa-ƙasa ta ce min "'yata, jinin nan fa ya ɗauke, an ce wai taruwa yake a cikina." Sai na ajiye sirinji na jawo takarda na fara zana mata. Na ce Mama, umarnin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, ita ke sako sinadarai biyu, FSH da LH, na farkon ya sa ƙwai ya fara nuna, wurin da ƙwan yake ya riƙa fitar da istirojin wanda ke kaurara shimfiɗar cikin mahaifa, sai LH ya yi tashin gaggawa ƙwan ya fito, daga nan furojestaron ya karɓi aiki ya riƙe shimfiɗar kusan kwana 14, in ciki bai shiga ba sai ya sauka, shimfiɗar ta zubo, wannan shi ne jinin al'ada. Toh allurar nan irin furojestaron ce, tana hana ƙwaƙwalwa ba da wancan umarnin, ƙwai ba ya fitowa, shimfiɗar ta zama siririya, babu abin zubarwa balle a ce ya taru.

Ban rufe baki ba sista ta faɗo ɗakin. "Ke, nan aji ne? Koyon aiki kika zo ko koyar da mu?" A gaban matar fa, da sauran masu jira a bakin ƙofa. Daga baya ta rubuta a takardar tantance ni wai ina da nawa. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya sosu, don na sha ganin mata sun bar allura ko sun ce a cire musu ashana, wato robar tazarar haihuwa da ake sakawa a damtse, saboda tsoron nan, kuma ba wanda ya zauna ya warware musu.

Sauran a taƙaice, ga 'yar'uwa mai aiki a irin wannan sashen. Jinin da ke zuwa a kwana 7 na hutun ƙwayar tazarar haihuwa bayan an sha ta kwana 21, janyewar sinadari ce ta kawo shi. Ba kowace mace ke da zagayen kwana 28 ba, daga 21 zuwa 35 duk lafiya ne. Ki auna hawan jini kafin ki miƙa ƙwaya mai istirojin, ki tambayi ciwon ɓarin kai da tarihin daskarewar jini da shan taba ko da layi ya kai waje. Ki faɗa wa mai karɓar allura tun ranar farko cewa in ta daina, ciki zai iya jinkirin wasu watanni. Kuma ranar da aka ba ki ɗaliba, in gyara za ki yi mata ki bari majinyaciya ta fita tukuna.