Hannun tuƙin tuwo da kwaɓin mitfai

Na fara gasa mitfai a gidanmu da ke Badariya, Birnin Kebbi, a 2021, ina zaman jiran aikin da har yau bai zo ba. Ba ni da oben a lokacin. Tukunyar shinkafar biki na ɗauko, na zuba yashi a gindinta, na ɗora faranti bisa duwatsu uku, na rufe, na baza garwashi a kan murfin. Har gobe ba na raina wannan tukunya, domin gefen da ta ƙona mini shi ya koya mini juya faranti.

Amma matsalata ta farko hannuna ce. A gidanmu da ƙarfin tuƙin tuwo ake gane mace, don haka na kama kwaɓi na dinga murza shi har zufa ta karyo mini. Da ya gasu ya fito da tauri sai ka ce ƙirgi. Ƙanena ya ce a tara masa, zai je korar tsuntsaye a fadamar shinkafa. Gwaggo, wadda ba ta taɓa gasa mitfai ba amma ta shekara talatin tana alkaki da dubulan, ta kalle ni rana ta uku ta ce, "Ke ɗiya, wanga abu ba tuwo na ba. Bar wahal da shi." Gaskiyarta. Fulawa in ta haɗu da ruwa aka yi ta murza ta, danƙo take yi. Burodi yana son danƙon nan, mitfai ba ya so. Yanzu kilo guda na fulawa nake sa wa rabin kilo na bota, in marmashe da bakin yatsu har ya koma kamar garin kwaki, sannan ruwa cokali-cokali. Da ya haɗe jikinsa sai in janye hannu, ko da zuciyata tana cewa in ƙara.

Sai zafi. Wanda bai yi Afrilu a Birnin Kebbi ba ba zai gane ba. Ma'auni yana wuce 40, bota tana narkewa tun kafin ki gama auna gishiri. Bota kuwa sai ta shiga wuta da ɗan taurinta ɓawon yake yin garas-garas. In ta narke a hannu, fulawa ta shanye ta, abin da za ki samu mai maiƙo ne, mai nauyi. Dole na sauya lokacin aiki: ina idar da asuba nake kwaɓi, da ruwan randa, in nannaɗe shi a leda in ɗora bisa ƙanƙara rabin awa. Da hunturu kuma kwaɓin yana da ladabi, sai dai iska tana busar da gefensa ya tsattsage, sai an lulluɓe shi da tsumma mai laima.

Ranar da na fi jin kunya ranar wata walimar sauka ce. Guda 150 aka ce in yi. Lokaci ya ƙure, na sauke haɗin nama daga wuta na fara zubawa yana tururi. Ƙasan ya jiƙe, bakin da na danne da cokali mai yatsu ya buɗe, romo ya tsiyaye a faranti ya ƙone. Waɗanda suka lalace na kwashe na ba yaran unguwa, na mayar wa matar da ta ba ni aikin da kuɗinta ina sunkuyar da kai. Tun daga nan da daddare nake dafa haɗin: niƙaƙƙen nama, dankalin turawa, karas, attaruhu, da albasar Aliero wadda nake soyawa sai ruwanta ya tsotse, in ɗaure shi da cokali guda na fulawa, ya kwana ya huce. Kowane ɗaya kuma sai na huda bayansa tururi ya samu hanya, kafin in shafa ƙwai.

Masu zaƙi ban cika samun kasuwarsu ba, mutanenmu yaji suke nema. Na gwada na mangwaro, ruwansa ya yi yawa, sai da na koyi fara gasa ɓawon shi kaɗai da busasshen wake a ciki don kada ya kumbura. Na dabino ya fi zama lafiya, da azumi ana ɗan tambayarsa.

Wanda ya fi tafiya yanzu shi ne na busasshen kifin Yauri. Gwaggo ce ke zama a tabarma tana cire mini ƙaya, kuma ladanta guda biyu ne daga farantin farko, masu ɗan ƙuna a gefe, don ta ce sun fi daɗi da shayi.