Yadda na daidaita magana tsakanin ATmega328P da modem ɗin SIM800L

Aikin da aka ba ni shi ne haɗa na'ura wadda za ta riƙa lura da tankin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ta aika saƙon tes idan ruwa ya yi ƙasa ko famfo ya tsaya. Na ɗauki modem ɗin SIM800L na kamfanin SIMCom, mai aiki da layin 2G, na haɗa shi da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ATmega328P, irin wadda ke kan allon Arduino Uno. A takarda haɗin ba shi da wuya, domin UART, hanyar da na'urori biyu ke bi su aika wa juna harufa ɗaya bayan ɗaya, wayoyi uku take buƙata: ta aikawa, ta karɓa, da ta ƙasa wadda ɓangarorin biyu ke tarayya a kanta.

Ƙarfin wuta na fara dubawa. Ƙafafun modem ɗin, wato wuraren da ake jona masa waya, suna magana da volt 2.8, Uno kuwa da volt 5, saboda haka wayar da ke shiga modem tana buƙatar rizista biyu da za su rage wutar. Ɗaya ɓangaren ya fi rikitarwa, domin ATmega mai aiki da volt 5 ba ta tabbatar da sigina sai ya kai wajen volt 3, wato amsar modem tana iya shiga yau, gobe ta ƙi. Na mayar da ƙwaƙwalwar kan volt 3.3, matsalar ta kau. Sunayen ƙafafu ma ba abin dogaro ba ne: a SIM800L ƙafar TXD fitarwa take yi, amma a modem ɗin kamfanin u-blox, da ke bin ƙa'idar sanya suna ta V.24, ƙafa mai wannan suna karɓa take yi. Tun daga nan, alkiblar da takardar bayani ta nuna nake bi.

Modem ɗin yana gane saurin magana da kansa idan aka fara aika masa AT, haruffan da umarninsa ke farawa da su, sai dai a wannan yanayi ba ya fitar da RDY, alamar cewa ya shirya, lokacin da ya tashi, don haka ƙwaƙwalwar ba ta da yadda za ta san ya shirya. Na tsayar da saurin da AT+IPR=9600, na adana da AT&W. ATmega328P kuma UART ɗaya tak gare ta, sai na bar wa modem ita, na mayar da saƙonnin gwaji kan SoftwareSerial, manhajar da ke kwaikwayon UART, wadda ba ta da tabbas a saurin 115200.

Babban abin da na koya shi ne modem ba ya jiran a tambaye shi kafin ya yi magana. Umarnin AT, wanda ya samo asali daga modem ɗin Hayes na 1981, yana sa mutum ya ɗauka tambaya ce da amsa, a aika umarni a jira OK. Amma kana tsakiyar tambayar ƙarfin sabis da AT+CSQ, sai +CMTI ya faɗo yana sanar da shigowar tes, ko RING idan wani ya kira layin, kamar baƙon da ya yi sallama ana cikin cin abinci. Shirin da aka rubuta don ya ɗauki layin farko a matsayin amsa zai rikice nan take. Na rubuta nawa ta yadda yake karanta harufa ba tsayawa, ya tara su har ƙarshen layi, sannan ya tantance ko amsa ce ko sanarwa. Na kashe maimaita umarni da ATE0 don rage cunkoso. Wuri ɗaya ya saɓa wa wannan tsari: bayan AT+CMGS, umarnin aika tes, modem yana fitar da alamar > ba tare da rufe layi ba, yana jiran rubutun saƙo da harafi mai lamba 26 da ke nuna ƙarshensa, kuma shirin da ke jiran ƙarshen layi zai tsaya nan har lokaci ya ƙare masa.

Ma'ajiyar karɓa ta Arduino harufa 64 take ɗauka, tes ɗaya kuwa yana kai 160. Wayoyin RTS da CTS aka tanada don hana ambaliya irin wannan, amma ƙaramin allon SIM800L da ake sayarwa a kasuwa bai fito da su ba, dole shirin ya riƙa kwashewa da sauri, ba tare da dogon jira a ko'ina ba.

Wasu lokuta harufan banza kan bayyana, kuma laifin ba na UART ba ne. Modem ɗin yana son volt 3.4 zuwa 4.4, kuma yana iya zuƙar amfiya 2 a ɗan lokacin da yake watsawa, wutar ta faɗi ya sake tashi. Babban kafasita dab da ƙafar wuta da gajerun wayoyi masu kauri suka magance wannan.

Da yake batir ne ke riƙe na'urar da dare, na yi amfani da sauran ƙafafu biyu. Bayan AT+CSCLK=1, ɗaga wutar ƙafar DTR yana sa modem barci, ƙafar RI kuma tana sauka ta tashi ƙwaƙwalwar idan tes ya shigo. Idan an sauke DTR sai a jira milisakan 50 kafin a aika umarni, in ba haka ba harufan farko ba za su isa ba.