Abin da azurfar Taxco ta koya mini game da hatimi

Na fara tara kayan adon azurfa na ƙasar Meziko ne da wani awarwaro mai nauyi wanda aka buga wa kalmar Taxco da lamba 980 a cikinsa, kuma neman ma'anar wannan lamba ne ya kai ni ga tarihin garin. Taxco yana jihar Guerrero, an daɗe ana haƙar azurfa a duwatsunsa, amma ƙirar da masu tarawa ke nema ta samo asali ne daga William Spratling, Ba'amurken da ya zauna a garin daga 1929, ya buɗe maƙera a 1931 da taimakon maƙeran da ya ɗauko daga garin Iguala da ke kusa. Wasu daga cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, irin su Antonio Pineda da Héctor Aguilar da 'yan gidan Castillo, daga baya sun kafa nasu wuraren, kuma kasuwarsu ta buɗe a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da kayan Turai suka daina isowa.

Da farko hatimi nake bi, wato alamar da ake bugawa a jikin kayan. Na haddace cewa 980 na nufin kashi 980 cikin dubu azurfa ce, wato ta fi ta 925 tsabta, cewa tambarin mikiya ya fara aiki a 1948, sannan wajajen 1979 aka koma haruffa da lambobi, inda T ke nufin Taxco. Wannan ilimi yana taimakawa wajen kimanta shekarun kaya, sai dai buga hatimi abu ne mai sauƙi ga mai yin jabu, musamman na Spratling da kuɗinsa ya yi sama. Saboda haka yanzu nakan jinkirta duba shi har sai na gama da sauran jikin kayan.

Abin da nake fara dubawa shi ne maɗauri da gaɓoɓin da ke haɗa sassan awarwaro ko sarƙa, domin a nan ne gwanin maƙeri yake ɓata lokacinsa, mai kwaikwayo kuma a nan yake gaggawa. Aikin Pineda yana lanƙwasa ya bi wuyan hannu duk da kaurinsa, kuma dutsen da aka dasa ba ya motsi. A aikin gidan Castillo da ake haɗa azurfa da jan ƙarfe da tagulla a fuska ɗaya, yatsa ba ya jin tudu a inda ƙarafan suka haɗu. Idan na ga kalmar alpaca kuwa nakan ajiye, domin gauraye ne na jan ƙarfe da nikel da zinki, babu azurfa a ciki.

Ban yarda da dillalan da ke tsoma tsohon kaya a ruwan wankin azurfa don ya yi ƙyalli ba. Baƙin da ke kwance a lungunan zane sau da yawa maƙerin ne ya sa shi da gangan domin siffar ta fito, shi ya sa nawa nake goge samansu kawai da ƙyalle mai laushi.