Fom ɗin da ba ya tsayar da yatsun mai bugu

Sana'armu a ɗan kamfanina da ke Samaru ita ce gina fom na intanet: na rajistar ɗalibai a makarantun kuɗi, na katin marasa lafiya a ƙananan asibitoci, da na lissafin kaya ga dillalan hatsi da taki a Sabon Gari. Mai biyan kuɗin aikin launi yake dubawa da tambarinsa. Amma wadda za ta wuni da fom ɗin, ga tulin takardu a gabanta tun safe har la'asar, ba ta cika kallon allon ba ma. Idonta na kan takarda, ɗan yatsanta na hagu na kan maɓallin Tab. Ita nake wa aiki.

Shi ya sa duk yaron da ya zo koyon aiki wurina, abin da nake fara nuna masa shi ne fokas. A kowane lokaci gurbi ɗaya tak ne a shafin ke karɓar abin da aka buga a kibod. Tab na kai ka gaba, Shift da Tab su dawo da kai baya. Burauza kuma jerin da aka rubuta guraben a cikin HTML, wato yaren da ake rubuta shafin intanet da shi, take bi, ba ruwanta da yadda aka jera su a ido. Wasu kan gyara wannan da sa wa tabindex, wato alamar da ke tsara jerin da Tab zai bi, lambobi 1, 2, 3, sai ranar da aka ƙara gurbi ɗaya a tsakiya komai ya rikice. A shagonmu 0 (Tab ya bi jerin HTML) da -1 (Tab ya tsallake gurbin) kawai muka yarda da su, sauran gyaran a jerin HTML ake yinsa.

Inda aikin ya fi cin rai shi ne kulle gurbi da alamar disabled ta HTML. Gurbin da aka kulle haka, Tab tsallake shi yake yi kamar babu shi. Ɗauki zaɓen jiha da ƙaramar hukuma, wanda kusan kowane fom a ƙasar nan ke da shi. An saba a kulle gurbin ƙaramar hukuma har sai an zaɓi jiha, sannan a ɗauko jerin daga sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan shafin. A ofishi mai intanet mai ƙarfi ba za ka ga matsala ba. A inda netwok ke jan ƙafa kuwa, ma'aikaciya ta zaɓi Kaduna, ta danna Tab nan take, jerin bai iso ba, gurbin na kulle, fokas ya faɗa gurbin adireshi. Ta buga "Sab" tana nufin Sabon Gari, rubutun ya shiga inda bai kamata ba, ita kuma idonta na kan takarda. Mu dai dukan ƙananan hukumomi 774 muke saukewa tare da shafin, ai sunaye ne kawai, ba su kai nauyin ƙaramin hoto ba. Tana zaɓar Kaduna, guda 23 ɗin nan suna jiranta.

Akwai kuma abin da sababbin shiga ba su sani ba: duk abin da ke cikin gurbin da aka yi wa disabled, burauza ba ta aika shi idan an tura fom. An taɓa kawo mana gyaran fom ɗin wata makaranta, lambar ɗalibi tana nan raɗau a allo, amma a rumbun bayanai wayam. Idan so kake a gani, a aika, kada dai a canza, alamar readonly, wato a karanta kawai, ita ce maganinsa, ko da yake ba ta aiki a kan jerin zaɓi da ɗan akwatin da ake sa wa alama (checkbox).

Maɓallin aikawa ma haka. Na ƙi jinin fom ɗin da ke kulle shi wai sai an cika komai daidai. Mutum ya danna Enter shiru, ba a gaya masa laifinsa ba, kamar ka yi ta sallama a zaure ba wanda ya amsa. Gara a bar shi ya danna, a kai fokas kan gurbin farko mai kuskure, a rubuta masa a fili cewa lambar waya 11 ce, shi 10 ya buga. Kulle maɓallin bayan an danna don kada a aika sau biyu shi ma da nasa sharrin, domin fokas na kansa a lokacin, kuma a wasu burauzoji ɓacewa yake yi. Mu mukan sa aria-disabled, alamar da ke sanar da cewa maɓallin a kulle yake ba tare da ta cire shi daga jerin Tab ba, mu yi watsi da dannawa ta biyu, mu nuna "ana aikawa". Da bayanin ya shiga, fokas ya koma gurbin suna na sabon fom, ma'aikaciyar ta ɗauki takarda ta gaba ba tare da ta nemi linzamin kwamfuta ba.

Sai ɗan zoben nan da ke kewaye gurbin da fokas yake. Wani mai makaranta ya ce mini in cire shi, yana ɓata kwalliya. Na ce, "Alhaji, in an cire shi, 'yarka da ke bugu ba za ta san inda take ba." Ƙa'idojin sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da shafukan intanet, WCAG 2.0, da ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar a 2008 sun nemi a riƙa ganin fokas, kuma makaho mai amfani da manhajar NVDA, mai karanta masa abin da ke kan allo, da kibod kaɗai yake zagaya shafi, don haka jerin Tab a wurinsa shi ne hanya. Muka daidaita a kan mayar da zoben kore, launin makarantarsa.

Kafin mu miƙa kowane aiki, mukan zare linzamin kwamfutar, mu rage ƙarfin netwok da gangan, mu ba ɗaya daga cikin yaran takardu ya shigar daga farko har ƙarshe. Duk inda hannunsa ya kai wa linzamin da babu, sai mu rubuta sunan gurbin mu koma kansa.