Ranar da Na Zama Mai Tsire a Davis

Kafin in je karatu Kalifoniya ban taɓa gasa ko tsinke ɗaya na tsire ba. A Kano me zai kai ni? Da magariba ka tsaya gaban mai tukuba, ka miƙa kuɗi, a naɗe maka a takarda da albasa, shi ke nan. Amma da abokan karatuna 'yan Kudu suka ji ni Bahaushe ne, sai suka ɗora mini gashin nama na ranar Picnic Day. Kunya ta hana ni cewa ban iya ba.

Picnic Day bikin ɗaliban Jami'ar Kalifoniya ta Davis ne, ana yin sa wata Asabar cikin Afrilu. Tun 1909 aka fara, lokacin wurin gonar jami'a ce kawai. Mutane wajen 2,000 suka zo, kowa da ƙunshin abincinsa, daga nan sunan ya samo asali. An taɓa fasa shi a 1924 saboda cutar baki da kofato ta shanu, an kuma dakatar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma har yau ɗalibai ke shirya shi da kansu. Da safe a yi fareti, sannan kowane sashe ya buɗe ƙofa: nan ana tatsar saniya, can ana tseren kyankyasai. Ni dai abin da na ci buri a kai shi ne tseren karnukan nan masu dogon jiki da gajerun ƙafafu, wanda ɗaliban likitancin dabbobi ke shiryawa tun 1972.

Sayar da abinci a harabar makaranta sai da izini, don haka muka kafa namu a bayan gidan da muke haya, kyauta ga duk wanda ya leƙo. Nama kilo bakwai muka sayo a wani shagon halal a Sakaramanto. Ƙuli-ƙuli kuwa na cikin tsarabar da Hajiyarmu ta aiko ne, na daka shi da citta da barkono da masoro da kanumfari.

Ɓarnar daga yanka ta fara. Wuƙar ba kaifi, naman ya yi ta zillewa, na yi ta fitar da shi ɓaro-ɓaro kamar na miya. Gawayinsu kuma dunƙulalle ne na kamfani, sai an tsiyaya masa wani mai yake kamawa. Wuta na tashi na jera tsinkaye a kan harshenta. Ko minti biyar ba a yi ba yaji ya yi baƙi ƙirin, ciki ɗanye, ga ɗaci, ga warin kananzir.

Ana haka sai ga wani Badamagare da ke digirin ƙarshe a fannin noma, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya ɗauki tsinke ɗaya, ya jujjuya.

"Bakano, wannan tsire ne ko zunubi?"

Na ce, "Malam, a rufa asiri."

Ya nannaɗe hannun riga. Sauran naman ya sa aka mayar firiza kusan awa ɗaya, ya ɗan daskare, sai ga shi yana yankuwa fale-fale. Ya hana a taɓa wutar sai da gawayin ya yi farar toka, sannan ya ture garwashin gefe guda ya jera naman a ɗaya gefen. A ranar na gane dalilin da masu tukuba ke kafa tsinkaye kewaye da wuta maimakon a kanta: ƙuli-ƙuli gyaɗa ce, zafi take so, harshen wuta ƙona ta yake. Yaji kaɗan kafin gashi, a shafa man gyaɗa ana juyawa, sauran a barbaɗa bayan an sauke. Shekara nawa ina ci, ban taɓa lura ba.

Abin da ya fi kaɗa mini hanji ba ƙonewar ba ce. Wata maƙwabciya ta zo da ɗanta, na miƙa masa tsinke, har ya kai hannu ta riƙe shi, ta tambaye ni ko akwai gyaɗa a ciki. Na ce ai ita ce ma gaba ɗaya. Ashe yaron jikinsa ba ya ɗaukar gyaɗa, ko ɗanɗano ya yi sai asibiti. Nan take na yago kwali na rubuta da manyan baƙaƙe na jingina da tebur. Tun daga ranar, kafin in hura wuta kwalin nake fara rubutawa.

Tseren karnukan dai ya wuce ni. Sai bayan la'asar sakaliya muka hau kekuna zuwa bakin tafkin lambun jami'a, inda makaɗan badujala na jami'o'i ke ta fafatawa, rigata tana tashin hayaƙi. Badamagaren nan kuwa duk wanda muka gamu da shi sai ya nuna ni ya ce, "Ga Sarkin Fawan Davis."