Shinkafar da ta karye tun kafin ta shiga inji

Ina da ƙaramar masana'antar gyaran shinkafa a bayan garin Gombe. Shanshera muke saye, akasari daga manoman Dadin Kowa da Hinna, wani lokaci kuma daga kasuwar Tudun Hatsi. Mu jiƙa, mu turara, mu shanya, mu cashe, mu ɗura a buhu. Idan aiki ya kankama mutum goma sha huɗu ne ke cin abinci a wurin, ban da mata masu zuwa sayen dusa da masu kwasar ɓuntu.

A hunturun shekara biyu da suka wuce, wani abokin cinikina mai shago a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ya zo da kansa, abin da bai saba ba. Bayan mun gaisa ya kwance bakin leda, ya ɗebo shinkafa ya zuba min a tafin hannu. Ya ce, "Alhaji, duba da kyau. Wannan ta tuwo ce, ni kuwa kuɗin ta dafa-duka na biya." Na baza ta da yatsa. Gutsattsari sun cika ta, tsaki ya kusa rinjayar tsayayyar ƙwaya. Buhu ashirin ya dawo min da su.

Yana tafiya na wuce ɗakin inji na sauke fushina a kan yaron da ke kula da injin, a gaban leburori. Na ce ya matse robar da ke ɓare shanshera da yawa, ya bar aiki ya koma danna waya. Bai ce uffan ba. Ya sassauta robar, muka gwada, karaya tana nan. Na aika Kano aka sayo sababbin robobi, na kira makaniki ya daidaita injin gogewa, ya canza bel da boris biyu. Kuɗi suka tafi, mako uku suka wuce, shinkafa tana fitowa yadda take.

Ƙanena ya karanta injiniyanci a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi. Ya zo gida hutun ƙarshen mako, na zauna ina kora masa bayani, har na ce na yanke shawarar sallamar yaron. Ya ce, "Yaya, wa ya tabbatar maka a cikin inji take karyewa?" Na ce to a ina za ta karye? Ya ce shi ma bai sani ba, kuma ni ma ban sani ba, zato kawai nake yi ina kashe masa kuɗi.

A daren ya ba ni labarin wata hanya da kamfanin Toyota na Japan ya shahara da ita. Taiichi Ohno, mutumin da ya tsara salon aikinsu, ya koya wa ma'aikata cewa idan matsala ta auku a tambayi "me ya sa" sau biyar, kowace amsa ta zama abin tambaya na gaba. Misalin da ya kawo a littafinsa na 1978 shi ne na injin da ya tsaya. Me ya sa ya tsaya? Nauyi ya yi masa yawa, fiyus ya ƙone. Me ya sa nauyi ya yi yawa? Boris bai samu isasshen mai ba. Me ya sa? Famfon mai ba ya turowa sosai. Me ya sa? Sandar famfon ta cinye. Me ya sa ta cinye? Babu matata, ɓarɓashin ƙarfe yana shiga ciki. Wanda ya tsaya a amsar farko zai canza fiyus, bayan 'yan watanni ya sake canzawa. Ina jin haka na tuna robobin da na sayo daga Kano.

Ranar Litinin na tara kowa a ofis na ce yau sai mun gano tushen abin. Na dubi mai inji na ce, me ya sa shinkafa take karyewa? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri." Na juya ga shugaban masu shanya, ya ce abu ne daga Allah, za a ƙara kula. Wani ya ce ƙila irin shinkafar ne, Faro 44 doguwa ce siririya. Muka tashi ba mu samu komai ba.

Na daɗe ina juya wannan zaman a raina. A wurinmu idan maigida ya ce wa yaronsa "me ya sa", ba tambaya ba ce, faɗa ne, kuma amsar da tarbiyya ta koya mana ita ce ba da haƙuri. Mutumin da ya ga an ci mutuncin abokin aikinsa mako uku da suka wuce ba zai buɗe baki ya jawo wa kansa ba. Ga shi kuma na zaunar da su a ofis, nesa da shinkafar da ake magana a kai. Ƙanena ya ce min a waya su mutanen Toyota ba sa yarda da bincike daga kan kujera, sai an je inda abin yake an gani da ido. Na ƙudurta ba zan ƙara cewa "me ya sa ka" ba. Tambayar ta koma kan shinkafa: me ya same ta, a ina, yaushe, kuma me ya bambanta bana da bara.

Washegari na ɗebi shanshera daga buhun da ke jiran shiga inji. Na ƙirga ƙwaya 100, na zauna a kan benci ni da mai injin muna ɓare su ɗaya bayan ɗaya da farce, a hankali don kada mu karya da hannunmu. Aikin ya ci mana kusan awa guda. Muka jera su a kan faranti na gilashi, muka haska tocilar waya daga ƙasa. Lafiyayyar ƙwaya haske yana ratsa ta sumul kamar zuma. Wasu kuwa sai ka ga wani siririn layi ya gitta cikinsu, wasu layi biyu, kamar gilashin da ya tsage bai rabu ba. Muka ware masu layi, suka haura 30. Yaron ya ɗago ya dube ni. Bai yi magana ba, amma na fahimta. Ƙwayar da ta riga ta tsage, ko da auduga aka goge ta sai ta rabu.

Amsa ta farko ke nan, kuma ta wanke inji da mai inji gaba ɗaya. To me ya tsaga ta? Na aro na'urar auna laima a wurin wani maƙwabcin masana'anta. Abin da ake so shanshera ta shiga inji da laima kusan kashi 14 cikin 100. Muka bi buhuna muna tsira musu ƙarfen ɗiba. Wani ya nuna 10, wani 11, wani kuma 16. Har a buhu guda sama da ƙasa ba su zo ɗaya ba. Ashe busasshiya ƙayau da mai sauran danshi ake haɗawa. Ƙwayar da ta bushe ƙwarai idan ta sake shan laima daga maƙwabciyarta, bayanta yana kumbura cikinta bai motsa ba, sai ta tsage.

Daga nan muka koma filin shanya. Na tsaya a bakin daɓe tun ƙarfe tara har la'asar, ban ce wa kowa komai ba. Ana juye shinkafa daga durom tana tururi, a baza ta fyal-fyal, kaurinta bai kai yatsa ba. Rana tana dukanta daga sama, siminti yana gasa ta daga ƙasa, iskar hunturu mai tsage leɓe tana zuƙe abin da ya rage. Kafin la'asar an tattara, an haɗa ta safe da ta azahar, an ɗinke buhu.

Akwai wani dattijo da ke kula mana da turara. Tun kafin a haife ni yake harkar gumi, kuma ba ya buƙatar na'ura, ƙwaya ɗaya zai sa a haƙori ya gaya maka ko ta yi. Na same shi a gindin murhu na durƙusa na ce, "Baba, bara ma haka muke shanya?" Ya yi shiru yana gyara itace, sannan ya ce, "A'a, ɗana. Bara shinkafa tana kwana." Na ce ya ƙara min bayani. Ya ce da, idan ta sha iska rabi, akan tara ta a rumfa a lulluɓe ta kwana, washegari a sake bazawa ta ƙarasa. Ya ce, "Mai gumi ba ta son gaggawa. In ka fizge mata ruwa rana ɗaya, cikinta ne zai fashe." Na ce to Baba me ya hana ka gaya min? Ya ce, "Ba a tambaye ni ba. Kuma na ga ranka a ɓace yake."

Abin da Baba ya faɗa shi ne abin da masana harkar suke koyarwa: a busar da turararriyar shanshera zuwa wajen kashi 18 ko 20, a bar ta ta huta sa'o'i domin danshin cikin ƙwaya ya fito ya daidaita da na bayanta, sannan a ƙarasa zuwa 14. Ilimin yana cikin gidan tun farko, taku ashirin daga ofishina.

Saura tambayar da ta fi nauyi: me ya sa shinkafa ta daina kwana? A nan hanya ta rabu biyu, kuma na gane cewa tambayoyin ba kullum suke tafiya a layi ɗaya kamar igiya ba. Shi ya sa wani Bajapane, Kaoru Ishikawa, ya fito da zane mai kama da ƙashin kifi, kowace ƙaya da dalilinta. Reshe na farko, rumfar da ake kwantar da shinkafa ta cika maƙil da buhuna har rufi. Ni na cika ta, da kaka, lokacin da shanshera ta yi araha na saya fiye da abin da sito zai ɗauka. Reshe na biyu, a watan Nuwamba na sauya biyan masu shanya daga kuɗin yini zuwa jinga, kowane buhu da kuɗinsa, don in hanzarta aiki. Wanda ake biya da buhun da ya ɗinke yau, don me zai bar shinkafa ta kwana? Babu wanda ya yi ha'inci a cikinsu. Abin da na saka wa farashi shi suka ba ni.

Ban ƙirga ko tambaya ta biyar ce ko ta bakwai ba, kuma ban ga amfanin ƙirgawa ba. Da na so, da na ci gaba: me ya sa na yi sayen da ya wuce kima, me ya sa farashi ke hawa bayan kaka, har in kai ga abin da ba ni da iko a kai. Na tsaya a inda hannuna zai iya gyarawa, kuma inda zan iya gwadawa in ga ko gaskiya ne. Wannan gwajin na ɗauke shi wajibi, domin labari mai daɗin ji yana iya zama kuskure, kamar yadda zancen iri ya kusa ɗauke mana hankali. Muka raba durom guda kashi biyu. Rabi aka shanya shi rana ɗaya, rabi aka baza da kauri ana juyawa, aka kwantar da shi a inuwa, aka ƙarasa washegari. Inji ɗaya, roba ɗaya, yaro ɗaya. Da aka zuba su a tire biyu, ko leburan da ya fara aiki jiya ya san wadda ta kwana.

Na kama hayar wani shago na kwashe buhunan rumfa. Jinga ban soke ta ba, amma yanzu ba a ƙirga buhu sai ya kwana kuma na'ura ta nuna tsakanin 13 da 14, na kuma ƙara kuɗin kowane buhu don kada kwanan ya zama asararsu. Na sayi na'urar kaina, da littafi mai bango mai kauri da ake rubuta awon kowane durom. Mai inji kuma na tara mutanen da na yi masa faɗa a gabansu, na nemi gafararsa a gabansu. Shi ne yanzu yake ɓare ƙwaya 100 duk safiyar Asabar, kuma shi ya fara zuwa da kansa ya ce min rariyar injin cire tsakuwa ta soma yagewa a gefe, tun kafin wani ya tauna dutse.

A watan jiya wata matsala ta ɓullo: wasu buhuna suna fitowa da ɗan wari, launinsu ya yi duhu. Mun bi ta zuwa wurin jiƙo, mun ga shanshera tana wuce lokacinta a ruwa duk ranar da aka ɗauke wuta famfon rijiya ya tsaya. Baba yana ganin ba wutar kaɗai ba ce, yana zargin ruwan da ake maimaitawa a kwatarniya ta biyu. Gobe da asuba ni da shi za mu tsaya a wurin mu ga yadda ake canza ruwan.